Yadda Bayananka Ke Tafiya Idan Ka Nemi Lasisi a Ƙaramar Hukuma

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko ta Bichi ya san ƙasar nan ba ta da daji. Gona na jikin gona, ƙauye na hango ƙauye, kowa ya san ɗan gidan wane da jikan wane. Sai dai hukuma ba ta aiki da "ai an san shi". Ranar da mutum ya buɗe tireda, ko ya sayi amalanken shanu yana ɗaukar taki da amfanin gona a biya shi, ko ya fara gasa burodi, dole sunansa ya shiga littafi.

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya ɗora wa ƙananan hukumomi wannan aiki. Su ke ba da lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale, su ke kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwata, su ke sa ido kan shaguna da gidajen abinci da na burodi. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, kuma a Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Tsanyawa da Minjibir da Dawakin Tofa aikin kusan iri ɗaya ne. A ɗauka wani magidanci ne ya buɗe tireda a bakin hanyar ƙauyensu. Ga hannuwan da bayanansa za su bi, da abin da doka ta ce a yi da su a kowane hannu.

Mataki na 1: Shaida daga gida

A karkara ba kasafai gida ke da lamba ko titi ke da suna ba. Adireshin mutum shi ne unguwarsu da sunan mai unguwarsu. Don haka idan ofis ya nemi shaidar cewa mutum mazaunin wurin ne, daga ƙofar mai unguwa ake farawa. Mai tireda zai faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, takarda nake so zan kai sakatariya." A rubuta sunansa da na mahaifinsa da sana'arsa, a buga hatimi. Idan abin ya fi haka nauyi, takardar ta wuce wurin dagaci, daga nan ta je ofishin hakimi.

Tsarin ba sabo ba ne. A zamanin En'e ta wannan hanyar ake ƙidayar haraji: malamin haraji ya zauna da dagaci a rubuta magidanta gida-gida, a ƙirga shanu domin jangali. Sai a 1979 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano. Shi ya sa har yau dattijon ƙauye kan yi ɗari-ɗari da ya ga baƙo da biro da littafi, domin a saninsa ba a rubuta suna a banza. Wannan tsoron yana da amfani idan ya zama tambaya: me za a yi da sunan nawa?

Mataki na 2: Cike fom

A sakatariya sashen kuɗi ake nufa, wurin jami'in tara kuɗin shiga. Wani lokaci ma su ke zuwa da kansu ranar kasuwa, da littafin rasit a hammata. Abin da aka saba tambaya bai wuce suna da unguwa da irin sana'a da wurin da shagon yake da lambar waya ba, wani lokaci da hoto ɗan ƙarami. Yanzu ofisoshi da dama na ƙarawa da lambar NIN, wato lambobi 11 ɗin nan da hukumar NIMC ke bai wa kowane ɗan ƙasa.

A nan dokar kare bayanan jama'a ta fara aiki. Shugaba Bola Tinubu ya sa mata hannu a watan Yunin 2023, ita ce kuma ta kafa hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC da ke Abuja. Kafin ita akwai ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar a 2019, sannan tun asali sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da wayarsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar 2023 ba kwamfuta kaɗai ta shafa ba. Bayanin da aka rubuta da biro a littafi ma yana ƙarƙashinta.

Ta ce kada a karɓi abin da ya wuce buƙata. Lasisin tireda ba ya buƙatar sanin yawan matan mutum, ko jam'iyyarsa, ko ɗariƙarsa, ko ciwon da yake fama da shi. Addini da ƙabila da ra'ayin siyasa da lafiyar jiki da zanen yatsa, duk doka ta ware su a matsayin bayanai masu tsananin sirri, ba a taɓa su sai da dalili mai ƙarfi. Ta kuma ce a gaya wa mutum wane ne ke karɓa, me za a yi da abin da aka karɓa, wa za a bai wa, kuma har yaushe za a ajiye. Inda mutane da yawa ajami suka fi iyawa, ko ba sa karatun boko, sai akawu ya karanta fom ɗin da Hausa kafin a ce wa mutum ya dangwala.

Akwai kuma matan aure masu sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da abincin sayarwa. Sau da yawa miji ko ɗa ne ke zuwa ofis a madadinsu. Hoton da lambar da aka kawo na matar ne, ita ke da haƙƙi a kansu, don haka da saninta za a kai.

Mataki na 3: Biyan kuɗi da rasit

Rasit ɗin hannu kwafi biyu ne ko uku, da baƙar takardar kabon a tsakani. Mai tireda ya tafi da na sama, sauran su tsaya a littafi domin ma'aji da masu binciken kuɗi. Ke nan sunansa da lambar wayarsa sun riga sun shiga hannu na biyu da na uku tun kafin ya kai gida. Idan ta banki ko ta mai POS aka biya, an ƙara wani hannun. Mutum ya shigar da lambar sirrin katinsa da kansa, kada ya faɗa wa kowa ita da baki, ko da yaron unguwarsu ne ke riƙe da na'urar. Kuɗin da aka biya ba rasit kuwa, babu wani littafi da zai shaida an biya shi.

Mataki na 4: Shigarwa da ajiya

Akawu zai shigar da sunan a babbar rajista, ya ba shi lamba, ya sa fom da hoto a fayil, fayil ya shiga kabad. Inda akwai kwamfuta sai a sake bugawa a ciki. Abokan gabar takarda sanannu ne: gara, ɓera, yoyon damina, gobara, da mai shigowa ya buɗe kabad don ba kwaɗo. Na kwamfuta kuma su ne lambar sirri guda da kowa a ofis ya sani, da rashin ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Wayar hannu ta fi su duka haɗari. Ma'aikaci na sauri, sai ya ɗauki hoton shafin rajista ya tura wa maigidansa ta WhatsApp. Aiki ya yi sauƙi, amma sunaye da lambobin mutum talatin ko arba'in sun koma zama a wayar da yara ke kallo da ita da daddare, wadda gobe za a kai wa mai caji ko mai gyara. Tsarin da ya dace shi ne a san mutum ɗaya da makulli ke hannunsa, a rubuta sunan duk wanda ya ɗauki fayil da ranar da ya mayar, kowane ma'aikaci kuma ya kasance da tasa lambar sirrin.

Mataki na 5: Amfani da bayanan

Aikin da rajista ke yi a fili yake. Da ita ake sanin wanda lasisinsa ya ƙare, a tuna masa ya sabunta. Da ita duba-gari ke sanin gidajen burodi da mahauta da masu abinci da zai zagaya. Idan mutum biyu suka yi jayayya kan rumfa a kasuwa, ita da sarkin kasuwa ke raba gardama. Da ita kuma ma'aji ke ƙiyasta kuɗin shigan shekara, kuma wannan aikin jimilla yake so, ba sunaye ba.

Tunda doka ce ta ɗora wa ƙaramar hukuma aikin, ba sai ta nemi yardar mutum kafin ta rubuta abin da lasisi ke buƙata ba. Amma iyakarta ke nan. Jerin lambobin da aka tara domin lasisin shago ba na ɗan takara ba ne ya riƙa turo saƙo lokacin zaɓe, ba na kamfanin bashi ba ne, ba kuma na mai neman sanin ko wane yana da hali kafin a ba shi aure ba. Doka ta sassauta wa jami'an tsaro da ke binciken laifi, kotu ma na iya ba da umarni, sai dai buƙatar ta zo a rubuce, a ajiye kwafinta.

Idan kuwa mai tireda ya sayi a-kori-kura domin kai hatsi kasuwar Dawanau, ya fita daga hannun ƙaramar hukuma. Lasisin tuƙi hukumomi uku ke haɗuwa a kansa: jami'an VIO su gwada shi, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ta karɓi kuɗi, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa da sa hannunsa. A nan ana tambayar ranar haihuwa da tsawo da rukunin jini, har da ko yana da tsaga a fuska. Daga nan katin shekara 3 ko 5 ya fito. Waɗannan bayanan rumbun ƙasa suke shiga, shi ya sa bai kamata a miƙa su ga ɗan kamashon da ya ce zai fito da lasisi ba sai an je ba.

Mataki na 6: Toshe kafa

Mutane kan ɗauka ɓarawon bayanai wani gwanin kwamfuta ne a wata ƙasa. Akwai irinsu. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan farashin da ya faro daga naira 100, hukumar NIMC kuma ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Amma a ƙauye kafar ta fi haka kusa. Mutum ya je shagon fotokwafi da takardar NIN, kwafin farko ya fito da duhu, mai shago ya jefa shi kwali ya sake bugawa. Bayan kwana biyu an ƙunshe wa yaro ƙosai a cikinsa, ga hoto ga lamba ga ranar haihuwa, mai ya jiƙa su amma ana karantawa. Ko kuma wasu su sauka a gindin bishiya da fom, su ce tallafin taki ne, kowa ya kawo NIN da lambar banki ta BVN. Da irin waɗannan lambobi ake yin rajistar layin waya ko buɗe asusu da sunan wanda bai ji ba bai gani ba, in an yi laifi da su kuma ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Lambar mutum zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Saboda haka a karɓi lalataccen kwafi a hannun mai shago a yaga. A rubuta a jikin wanda za a miƙa cewa na neman lasisin shago ne, a sa kwanan wata. Baƙon da ya zo tara lambobi kuma a tambayi mai unguwa ko da saninsa.

Idan ɓarna ta auku daga ofis, kamar a sace kwamfuta ko rajista ta ɓata, kuma abin zai iya cutar da mutane, doka ta ba da awa 72 a sanar da NDPC. In haɗarin babba ne, su ma masu bayanan a gaya musu nan take. Tarar manyan masu riƙe da bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigansu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta ƙanana kuwa miliyan 2 ce ko kashi 2 ɗin.

Mataki na 7: Gyara, ƙorafi da sharewa

Mai lasisi na da ikon ya ce a nuna masa abin da aka rubuta a kansa, a gyara kuskure, a daina amfani da shi ta hanyar da bai dace ba. Gyara shi ne wanda aka fi buƙata a nan. Mutum ɗaya Muhammadu ne a takardar dagaci, Mohammed a katin NIN, Mamman a rajistar kasuwa, ga ranar haihuwa da aka yi wa kintace aka sa 1 ga Janairu. Ba a ganin illar sai ranar buɗe asusu ko neman fasfo na aikin Hajji. Tun a teburin akawu za a ce, "Malam, don Allah karanta min yadda ka rubuta," a daidaita shi da na NIN harafi da harafi.

Wanda aka ƙi saurara ya rubuta wa shugaban ma'aikatan ƙaramar hukuma, ya riƙe kwafi. In ba a yi komai ba ya kai ƙorafi NDPC, ƙofar kotu ma a buɗe take.

Ƙarshen fayil shi ne ranar da aikinsa ya ƙare. Shago ya rufe, ko mai shi ya rasu, lokacin da ƙa'idar binciken kuɗi ta ɗiba ya wuce. Doka ta hana ajiye bayanan mutum fiye da buƙata, don haka sai a ƙone takardun ko a yayyanka su a gaban shaida, a goge na kwamfuta, ba a sayar wa masu awon takarda a kilo ba.

Hukumar NDPC ba za ta iya sa ido kan kowane kabad a ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan ba. A zahiri mutum biyu ne ke riƙe da dokar: akawun da ya ɗauki rajista a matsayin amana, da mai neman lasisin da ya tambaya kafin ya miƙa takarda. Tambayoyin uku ne, kuma ba rashin kunya ba ne a yi su: me za a yi da wannan, wa zai gani, har yaushe za a ajiye?