Yadda Ake Gwada Sabon Harsashi a Bindigar Toka Kafin Fita Farauta

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Kurya Madaro, ciyawa ta bushe, maharba kan fara duba kayan aikinsu. A lokacin ne sabon harsashi ke shigowa hannu, ko daga maƙerin gari ko daga abokin sana'a na Shinkafi ko Zurmi. Abin da aka saba yi shi ne a ɗura bindiga, a kafa gwangwani, a harba sau ɗaya. In an samu sai a ce harsashi ya yi kyau. Wannan ba gwaji ba ne, domin harbi ɗaya yana iya zama dace. Abin da ke ba da shaida shi ne inda harsasai biyar suka taru, idan an harba su da ɗuri iri ɗaya, daga wuri ɗaya. Kuma tunda ba a fafe gora ranar tafiya, sai a gama wannan aiki kafin ranar fita daji.

Mataki na 1: Gyara takardunka, ka sanar da jama'a

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware wa bindigogin da ake ɗurawa ta baki rukuni nasu, kuma lasisinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani. Je ofishin 'yan sanda na Ƙaura Namoda ka tambayi ƙa'idar da ke aiki yanzu kafin ka taɓa kunama.

A halin da arewacin Zamfara ke ciki, ƙarar bindiga ɗaya ta isa ta watsa kasuwa ko ta fito da mata da yara da gudu. Sanar da Sarkin Baka da mai unguwa, su kai magana ga hakimi da jami'an tsaro, har da askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a farkon 2024. A tsayar da rana da lokaci. In aka ce a dakata, ka dakata. Kada neman wurin da ba kowa ya ja ka zuwa bakin dazuzzuka irin na Dumburum.

Mataki na 2: San irin bututun bindigarka

Yawancin bindigogin toka da ke hannun maharbanmu cikin bututunsu sumul yake. Harsashi yana fita ba tare da juyawa ba, don haka da ya yi nisa sai ya fara kaucewa. Akwai kuma masu tsaga a ciki, wadda ke murɗa harsashi ya tafi yana juyawa kamar mazari, shi ya sa yake miƙewa. Dogon harsashin da wani hafsan sojan Faransa mai suna Minie ya ƙirƙiro a shekarun 1840, wanda aka yi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 da shi, don irin wannan bututu aka yi shi. In ka sa dogon harsashi a bututu sumul, tuntsurawa zai yi a iska. Bututu sumul, dunƙulallen harsashi ne nasa.

Kai bindigar wurin maƙeri ya duba: tsatsa a ciki, tsagewa, kumburi a jikin ƙarfe, ko sassauci a gindin bututu. In an ga ɗaya daga ciki, babu gwaji sai an gyara.

Mataki na 3: Tace harsasan

Zuba su a faranti, ka gangara su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ɗingishi, ko yake da rami, ko tsini a inda aka zuba darma, ware shi gefe. Sannan ka auna nauyinsu. Ƙaramin sikelin da masu sayen zinari ke amfani da shi ya wadatar. Harsashin da ya fi 'yan uwansa sauƙi galibi akwai kogon iska a cikinsa, kuma shi ne zai kauce. Zaɓi goma sha biyar ko ashirin masu nauyi ɗaya da girma ɗaya.

Harsashin da ya dace shi ne wanda, idan an naɗe shi da ƙyalle, zai shiga da ɗan matsi, sandar ɗuri ta tura shi ba sai an buga da dutse ba. Guntayen ƙarfe da ƙusa da ƙwallayen boris ba su da wuri a nan: suna karce bututu, suna kuma dawowa da baya idan suka bugi abu mai tauri.

Ƙyallen ma sai an daidaita shi. Yanka shi daga yadi ɗaya na auduga zalla, girma ɗaya, ka shafa masa ɗan maiko daidai wa daida. Yadin roba narkewa yake ya manne a cikin bututu.

Mataki na 4: Zaɓi wuri

Nemi inda tudun ƙasa mai laushi zai tare harsashi, kamar bangon ramin da aka haƙi ƙasar gini, ko ka jera buhunan yashi. Kada ka harba wajen dutse ko kan ruwa, don harsashi na tsalle daga kansu. Zagaya bayan tudun da ƙafarka ka tabbatar babu hanya, babu gida, babu makiyayi. Share busasshiyar ciyawa a gabanka, kuma ka nisanci inda aka tara kara, domin ƙyallen da ya fito daga bakin bindiga yakan faɗo da wuta a jikinsa.

Zaɓi lokacin da iska ta kwanta, rana tana bayanka. Ranar da hunturu ke kaɗawa da ƙura, bari sai wata rana. Kafa babban kwali, ka zana baƙar da'ira a tsakiya. Fara daga mita 25, wato taku talatin da 'yan kai na babban mutum. Sa dutse a inda za ka zauna don nisan kada ya canza. Toshe kunnuwa da auduga, ka sa tabarau. Mutum ɗaya ya isa ya raka ka, kuma ya tsaya a bayanka. Yara kam a kore su tun daga nesa.

Mataki na 5: Ɗura iri ɗaya kowane karo

Kafin komai, zura sandar ɗuri a bututun da babu komai, ka yi mata alama daidai bakin bindiga. Bayan ɗurin farko ka yi alama ta biyu. Daga nan sandar ce za ta riƙa gaya maka ko bindiga fanko ce, ko harsashi ya zauna, ko ka ɗura sau biyu da mantuwa.

Auna albarushi da ma'auni ɗaya, ka share kansa daidai baki. Awo da tafin hannu shi ne babban abin da ke watsa harbi. Tsaya a kan adadin da wanda ya ƙera bindigar ya faɗa, kada ka ƙara. Kada ka tsiyaya daga goran albarushi kai tsaye cikin bututu, don sauran garwashi na iya tashi da goran gaba ɗaya a hannunka. Garin da ke cikin kwanson harsashin zamani kuwa, ko kusa kada ka zuba shi: ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi, yana tarwatsa bututu.

Tura harsashi har ya zauna a kan albarushi, da ƙarfi iri ɗaya kowane karo. Gurbin iska tsakaninsu na iya kumbura ƙarfe ko fasa shi. Fuskarka da yatsunka su kauce daga bakin bindiga. Abin tada wuta shi ne na ƙarshe, sai ka zauna, bakin bindiga na kallon kwali.

Mataki na 6: Harba biyar

Ɗora gaban bindigar a kan buhun yashi, gwiwoyin hannu a dafe. Harsashi ake gwadawa yau, don haka a cire rawar hannu daga lissafi. Yi saiti a wuri ɗaya duk sau biyar, ko da ka ga na farko ya kauce. Matsa kunama a hankali, kada ka fizga. Bayan kowane harbi, goge cikin bututu da ƙyalle mai ɗan danshi sannan busasshe, saboda tokar albarushi na taruwa tana rage faɗinsa.

In ka matsa ba ta tashi ba, kada ka juyo da ita, kada ka leƙa. Riƙe ta tana kallon tudu aƙalla minti ɗaya, domin wuta kan yi jinkiri sannan ta kama.

Mataki na 7: Karanta kwalin

Auna tazarar da ke tsakanin ramuka biyu mafi nisa da juna, ka rubuta a jikin kwalin tare da irin harsashi da ƙyalle da nisa. Ga abin da ramukan ke nufi:

- Sun taru wuri ɗaya amma gefe da da'ira: harsashi ya yi kyau, saiti ne zai gyaru.
- Sun jeru daga sama zuwa ƙasa: awon albarushi ko ƙarfin turawa bai daidaita ba.
- Sun jeru daga dama zuwa hagu: iska ce, ko fizgar kunama.
- Ramin ya fito dogo maimakon zagaye: harsashi na tuntsurawa, bai dace da bututun ba.
- Sun watse ko'ina: harsashi ya yi ƙanƙanta ko ƙyalle ya yi siriri.

Taka 'yan taku gaban inda ka zauna ka tsinto ƙyallayen da suka faɗo. Mai kyau za ka gan shi da baƙin zagaye a tsakiya, gefensa ya ɗan tsefe, amma bai huje ba. Wanda ya ƙone ko ya yage ya nuna wuta na zurarewa ta gefen harsashi. Nemi yadi mai kauri ko ka ƙara maiko.

In za ka gyara, abu ɗaya za ka canza a zagaye guda: ko ƙyalle, ko harsashi. Ka canza biyu tare, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Harba biyar na tsohon harsashinka a wani kwalin don ka kwatanta, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mataki na 8: Nemo iyakarka

In biyar ɗin sun taru cikin faɗin tafin hannu a mita 25, ja baya zuwa 35, sannan 45. Bututu sumul da dunƙulallen harsashi ba kasafai yake riƙe taro bayan mita 50 ba, mai tsaga kuwa yana iya kaiwa 100. Nisan ƙarshe da harsasanka suka zauna cikin tafin hannu shi ne iyakarka a daji. Wuce nan, raunata gada ko zomo kawai za ka yi, dabba ta tafi ta mutu da wahala, abin da addini da al'adar maharba suka ƙi.

Mataki na 9: Wanke bindiga, wanke hannu

Tokar albarushi na jan danshi tana cin ƙarfe. A ranar ka wanke bututu da ruwan zafi, ka busar sarai, ka shafa mai.

Darma kuwa guba ce, kuma mutanen Zamfara sun san haka fiye da kowa. A 2010 gubar darma daga sarrafa duwatsun zinari a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kada ka riƙe harsashi a baki yayin ɗuri. Kada a narka darma a tsakar gida ko a tukunyar girki. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ka tono harsasan da suka shiga tudu, kuma in ka yi kamu, yanke naman da ke kewaye da raunin ka zubar.

Adana kwalayenka, ka sake gwaji duk lokacin da ka canza maƙeri ko albarushi. A gida kuma, bindiga ta kwana babu ɗuri, albarushi a wani wuri daban, duka a kulle inda hannun yaro ba zai kai ba.