Digiri na Biyu a Fannin Gudanar da Makarantu: Sharuɗɗan Jami'a da Bukatun Yankin Kazaure da Ɓaɓura

Gabatarwa

A zamanin En'e ba a zuwa wata makaranta ta musamman domin a koyi zama hedimasta. Malamin da ya daɗe yana koyarwa, aka shaida natsuwarsa da riƙon amanarsa, shi akan miƙa wa rajista da makullan ofis, ya koyi sauran aikin yana cikin yinsa. Wannan tsari ya wadatar muddin makarantu 'yan kaɗan ne. Da aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai yara suka kwararo fiye da yadda aka ƙiyasta, azuzuwa da malamai suka yi ƙaranci, aka gane cewa tsara ilmi da gudanar da shi fanni ne mai zaman kansa. A 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar horar da masu tsara ilmi da gudanar da shi a garin Ondo, jami'o'i kuma suna ba da digiri na biyu da na uku a fannin.

Makasudin wannan maƙala shi ne a duba abin da ake bukata daga ɗalibin da ya shiga irin wannan karatu, musamman wanda ya fito daga ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda ke cikin masarautar Kazaure, da kuma maƙwabciyarsu Ɓaɓura ta masarautar Ringim. Za a ga cewa sharuɗɗan iri biyu ne. Akwai na rubuce, waɗanda jami'a ke bugawa, akwai kuma wanda ba a rubuta ba, shi ne kuwa ya fi nauyi.

Sharuɗɗan shiga

Malamin wannan yanki, idan ya ƙudura ƙaro ilmi, Jami'ar Bayero ta Kano ce mafi kusa da shi, domin Kazaure a kan hanyar Kano zuwa Daura take. Wasu kuma su zarce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Abin da jami'o'in ƙasar nan suka saba nema kusan ɗaya ne: digiri na farko a fannin ilmi da sakamakon da bai gaza daraja ta biyu ba, da kiredit biyar na sakandare har da Ingilishi, da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafe ta, da kuma cikakken sakamakon jarrabawa da tsohuwar jami'arsa za ta aiko. Wanda digirinsa ba na ilmi ba ne, kamar mai digirin Hausa ko Tarihi zalla, sai ya fara samun babbar difloma ta koyarwa tukuna. Wannan ya shafi ɗaliban sashen Hausa kai tsaye, domin da yawa daga cikinsu aikin koyarwa suke kamawa, wata rana kuma su wayi gari an ba su riƙon makaranta. Ban da wannan, dokar 1993 da ta kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya ta wajabta wa mai koyarwa ya yi rajista.

Ma'aikaci yana da ƙarin wani sharaɗi da jami'a ba ta cika ambata ba, watau izinin wurin aikinsa. Malamin firamare a ƙarƙashin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukumarsa yake, da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha da ke Dutse. In ya tafi karatu ba da izini ba, ya saɓa ƙa'idar aiki, ya kuma bar ajinsa ba malami. Abin dariya ne, in ba na takaici ba, a ce mai koyon shugabancin makarantu ya soma karatunsa da barin yara zaune.

Darussa

Shekarar farko ta darussa ce da jarrabawa, makin ci kuwa galibi 50 cikin 100 ne, ba 40 ko 45 da aka saba da su a digiri na farko ba. Akan karanta ra'ayoyin masana game da gudanarwa, da tsara ilmi, da kuɗin ilmi, da dokokinsa, da duba aikin malamai, da hanyoyin bincike da ƙididdiga.

Yana da kyau ɗalibi ya san asalin ra'ayoyin da ake koya masa. Frederick Taylor, mutumin Amurka, wanda ya fitar da littafinsa a 1911, a masana'antar ƙarfe ya yi nazarinsa. Henri Fayol na Faransa, mai littafin 1916, injiniyan haƙar ma'adinai ne. Ba su rubuta domin makaranta ba, balle makarantar da yaranta ke raguwa da zarar damina ta sauka, ko ranar kasuwa, ko lokacin girbi. Haddace ka'idojin Fayol goma sha huɗu yana iya ba mutum maki, amma abin da malamansa ke nema shi ne ya iya cewa wacce ce daga cikinsu ta dace da makarantar ƙauye mai malamai huɗu, wacce kuma ba ta dace ba, da dalili.

Darasin da ɗalibai suka fi tsoro, watau ƙididdiga, shi ne wanda aikin ya fi bukata. Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977 aka kuma yi mata gyare-gyare daga baya, ta tsaya a kan malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Alal misali, makaranta mai yara 700 tana bukatar malamai 20 ke nan. In tana da 8, shugabanta ya san giɓin 12 ne, ya san kuma yadda zai rubuta shi a takarda. Haka nan dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, amma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye nata kason daidai da shi. Jami'in da bai fahimci wannan ba, ba zai iya bayyana wa iyayen yara dalilin da ya sa gyaran rufin aji ya jinkirta ba.

Kundin bincike

A nan ne ake rarrabe zare da abawa. Ɗalibi zai zaɓi batu, a ba shi masu duba aikinsa, ya gabatar da tsarin bincikensa a gaban malaman sashe, ya fita tattara bayanai, ya rubuta babi biyar kamar yadda aka saba, sa'an nan ya kare kundin a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Jami'o'i da yawa yanzu suna bi da kundi ta manhajar kwamfuta domin gano satar rubutun wani. Mai niyyar zarcewa digiri na uku kuma sai ya fita da sakamako mai kyau, ba tsallake siraɗi kurum ba.

Duk wannan a rubuce yake. Abin da ba a rubuta ba shi ne amfanin kundin. Duk mai leƙa ɗakunan karatu na sassan ilmi ya san batutuwan da aka yi ta nanatawa: tasirin salon shugabancin firinsifal a kan ƙwazon malamai, a canza sunan jiha kawai, a raba takardar tambayoyi ta Ingilishi, a tara amsoshin "na yarda" da "ban yarda ba". Irin wannan kundi yana iya cika sharaɗi, amma ba wanda zai buɗe shi bayan ranar karewa.

Alhali kuwa yankin da ake magana a kansa cike yake da tambayoyin da ke jiran mai bincike. Ɓaɓura tana iyaka da Jumhuriyar Nijar, inda boko da Faransanci ake yinsa, ga dangi a ɓangarorin biyu. Yaya shugaban makaranta ke yi da yaron da ya fara karatu a can ya dawo nan? Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da Jihar Katsina, ƙauyukansu kuma a warwatse. Me ke sa malamin da aka tura ƙauye ya zauna, me ke sa ya nemi a mai da shi gari? Akwai makarantun 'ya'yan makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 1989, akwai dangantakar firamare da makarantun allo da na Islamiyya, waɗanda sau da yawa yaro ɗaya ne ke zuwa dukansu, lokutansu kuwa suna karo. Akwai kwamitocin iyaye da jama'ar gari da aka ɗora wa sa ido a kan makarantu: suna zama kuwa, ko sunaye ne a takarda? Manyan makarantu ma sun ƙaru. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ta koma hannun Gwamnatin Tarayya a 2007, a 2021 kuma aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura. Yaran yankin nawa ne ke fitowa daga sakandare da sakamakon kimiyya da zai shigar da su waɗannan wurare? Jihar Jigawa kanta a 1991 aka yanke ta daga Kano, saboda haka mai bin tarihin makarantun yankin kafin wannan shekara sai ya nemi takardunsa a Kano.

Irin wannan bincike ya fi wuya. Dole mai shi ya hau babur ya je, ya buɗe rajistar aji ya gwada ta da yawan yaran da ya tarar zaune, ya nemi izinin dagaci ko mai unguwa kafin ya tara iyaye. Matan aure kuwa, sai ya sami mace ta shiga ta yi masa tambayar. A nan ne wanda ya fito daga sashen Hausa ke da rinjaye a kan abokan karatunsa. Iyayen yara da mafi yawan 'yan kwamiti da Hausa za su amsa, fassarar tambaya kuma in ta karkace, amsar ma ta karkace. Kalmar "makaranta" kaɗai, in ba a fayyace ba, uba yana iya ɗauka ta allo ake nufi, ya ce duk 'ya'yansa suna zuwa, mai bincike kuma ya rubuta su cikin 'yan firamare.