Ƙera Mahaɗin Injin Huda da Robar Ɗab'i: Darasi a kan Ƙarfin Murɗa

Gabatarwa

Tarihin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya, ya je gindin dutsen Dala neman tama, kuma har yau ana kiran zuriyarsa Abagayawa. Ke nan ƙasar Gaya ta daɗe da sanin sarrafa kayan aiki. A garuruwa irin su Kademi, da ƙauyukan da ke tsakanin Gaya da Ajingi, maƙeri da mai walda da kafinta su ne madogarar jama'a idan wani abin aiki ya karye.

A 'yan shekarun nan abubuwa biyu sun shigo wannan fage. Na farko shi ne injin huda na hannu mai aiki da batir, wanda ake iya cajinsa da hasken rana. Na biyu kuwa na'urar ɗab'in siffa ce, wadda ke narkar da roba ta gina abu sukutum. Wannan darasi zai bayyana yadda ake haɗa su, a ƙera mahaɗi, wato adafta, domin injin huda ya juya wani abin da ba don shi aka yi shi ba. Zai kuma nuna dalilin da ya sa irin wannan mahaɗi yakan karye, da lissafin da ke hana hakan.

Injin Huda

A shekarar 1889 aka yi wa injin huda mai aiki da lantarki rajista a birnin Melbon na ƙasar Ostireliya, da sunan Arthur James Arnot da abokin aikinsa. A 1895 kamfanin Fein na Jamus ya fito da wanda ake riƙewa a hannu, sa'an nan a 1961 kamfanin Black & Decker na Amurka ya fito da mai batir.

Ko da yake sunansa na huda ne, ainihin aikin wannan inji shi ne juya duk abin da aka danƙa masa. A gabansa akwai baki mai muƙamuƙi 3 na ƙarfe, waɗanda ke matse sandar da kaurinta bai wuce milimita 10 ko 13 ba. Da yawa daga cikin masu batir suna da giya 2: ƙaramar giya mai juyi wajen 400 a minti ɗaya, da babba mai kaiwa 1,500 ko fiye. Ƙaramar giya ta fi ƙarfi, babba ta fi sauri. Idan abin da ake son juyawa bai dace da wannan baki ba, sai an sa mahaɗi a tsakani.

Na'urar Ɗab'in Siffa

Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya ƙirƙiro dabarar gina abu da narkakkiyar roba, ya nemi rajistarta a 1989. Da wa'adin rajistar ya ƙare a 2009, sai farashin na'urar ya faɗi warwas. Kafin nan ma, a 2005, Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara shirin RepRap, wanda ya saki zanen na'urar kyauta ga kowa. A 2013 Kodjo Afate Gnikou ya harhaɗa tasa a birnin Lome na ƙasar Togo, da tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Na'urar tana jan zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta narkar da shi da zafin da ya kai digiri 200 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, ta fitar da shi ta wata 'yar kafa mai faɗin milimita 0.4. Tana shimfiɗa shi hawa-hawa, kaurin kowane hawa kamar milimita 0.2. Duk wanda ya ga yadda ake gina rumbun ƙasa zai gane wannan aiki: a ɗora sahu ɗaya, a bari ya sha iska, a ɗora wani. Raunin abin da aka ɗab'a yana wurin da sahu ya haɗu da sahu, domin manne su aka yi, ba zubi ɗaya ba ne.

Ma'anar Ƙarfin Murɗa

A ɗauka wata mai ƙosai a Kademi tana da injin markaɗe na hannu, ɗanta kuma yana son ya cire mariƙin ya sa injin huda ya riƙa juya shi. Tambayar farko ita ce: wane irin ƙarfi ne zai bi ta cikin mahaɗin?

Ƙarfin murɗa shi ne ƙarfin turi a ninka shi da nisan da ke tsakanin wurin turin da tsakiyar abin da ke juyawa. Ana auna turi da niyuton, nauyin kilo 1 kuwa ya kai kimanin niyuton 10. Shi ya sa doguwar sifana ta fi gajera saurin kwance noti. Idan tsawon mariƙin injin markaɗen santimita 20 ne, wato mita 0.2, mai markaɗe kuma tana tura shi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 5, wato niyuton 50, to lissafin shi ne:

50 × 0.2 = niyuton-mita 10

Wannan bai fi ƙarfin injin huda mai batir bolt 18 ba, idan yana ƙaramar giya. Matsalar tana wani wuri dabam. Idan aka ɗab'a mahaɗin duka da roba, har da 'yar sandar da za ta shiga bakin injin, mai kaurin milimita 8, to nisan gefenta daga tsakiya milimita 4 ne kacal, wato mita 0.004. Sai a raba:

10 ÷ 0.004 = niyuton 2,500

Wato tamkar an ɗora wa gefen 'yar sandar nan buhun siminti 5. Amma da kaurin mahaɗin milimita 40 ne, nisan ya zama milimita 20, turin kuma ya sauko zuwa niyuton 500, nauyin buhu 1, wanda kuma ya bazu a kan roba mai yawa.

Masana aikin injiniya sun tabbatar da cewa juriyar sanda ga murɗa tana ƙaruwa ne da kaurinta a ninka sau uku a kan kansa. Idan kauri ya ninka 2, juriya ta ninka 8. Idan ya ninka 5, kamar daga milimita 8 zuwa 40, juriya ta ninka 5 × 5 × 5, wato 125. A nan ne ƙa'idar darasin ta fito: inda wuri ya tsuke a sa ƙarfe, inda wuri ya yi faɗi roba ta wadatar.

Zaɓen Roba

Robar da aka fi samu ita ce PLA, wadda ake yi da sitacin masara ko rake. Tana da sauƙin ɗab'i da tauri, amma tana fara laushi idan zafi ya kai wajen digiri 60. A ƙasar Kano zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40 a inuwa, abin da aka bari a cikin rufaffiyar mota a rana kuwa yakan kai 60. Ga kuma ɗumin da aiki ke haifarwa. Saboda haka PLA ta dace da gwajin awo kawai. Robar PETG ba ta laushi sai wajen digiri 80, kuma takan lanƙwasa kafin ta karye, don haka ta fi dacewa. Robar ABS tana jure wa zafi har sama da digiri 100, sai dai tana da wuyar ɗab'i, hayaƙinta kuma yana bukatar ɗaki mai iska.

Matakan Ƙira

1. Awo. A cire mariƙin injin markaɗen, a auna ƙarshen sandarsa da ma'aunin kalifa, domin rula ba ta nuna kashi goma na milimita. A lura ko ƙarshen yana da kusurwa 4 ne, ko kuwa gefe ɗaya aka shafe.

2. Ƙarfe. A sami dogon noti mai kaurin milimita 8. Kansa yana da kusurwa 6, faɗinsa milimita 13. A kai wa maƙeri ko mai walda ya goge jelarsa ta gefe 3 daidai wa daida, domin kowane muƙamuƙi ya sami shafaffen wurin kamawa.

3. Zane. A manhajar kwamfuta irin su FreeCAD ko Tinkercad, waɗanda kyauta ne, a zana gungumen roba mai kaurin milimita 40. A gefe ɗaya a yi rami mai kusurwa 6 inda kan notin zai zauna, da murfin da zai tare shi. A ɗaya gefen a yi rami mai siffar sandar injin markaɗen. A ƙara wa kowane rami milimita 0.2, domin ramin da aka ɗab'a yakan fito a ɗan tsuke.

4. Ɗab'i. A tsayar da gungumen a kan gindinsa, yadda zaren robar zai riƙa zagaye ramukan kamar ɗaurin ganga. A umurci na'urar ta yi bango mai sahu 6 ko fiye, ta kuma cike cikin sosai. Irin wannan mahaɗi bai wuce giram 65 ba, ke nan nadin roba mai kilo 1 zai ba da kamar guda 15.

5. Haɗawa. A danna kan notin cikin raminsa, a ɗaure murfin. Kusurwoyin kan notin suna da nisan milimita 7.5 daga tsakiya, kuma su 6 ne ke raba nauyin, don haka kowace tana ɗaukar abin da bai wuce nauyin kilo 23 ba.

Gwaji Kafin Aiki

Ba a sa mahaɗi a inji sai an gwada shi. A kafe sandar injin markaɗen yadda ba za ta juya ba, a sa mahaɗin, a damƙe jelar notin da fulaya mai kulle, a daidaita ta a kwance. A rataya galan a nisan santimita 20 daga tsakiyar notin, a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, saboda haka kowace lita tana ba da niyuton-mita 2. Lita 5 daidai take da aikin mai markaɗe. Mahaɗin da ya ɗauki lita 10 bai tsage ba, shi ne ya ci jarrabawa, domin injiniyoyi kan bar rarar juriya saboda abin da ba a zata ba, kamar tsakuwa a cikin wake.

Kariya

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Hannun mutum yana juya injin markaɗe wajen sau 60 a minti, ƙaramar giya kuwa ta ninka wannan fiye da sau 6. Idan aka matse kunamar injin har ƙarshe, faifan niƙa zai yi zafi ya ci kansa. Sai a riƙa matsawa a hankali, ana hutar da injin. Idan niƙa ya cije, injin hudan ne zai juya a hannun mai riƙe da shi, yana iya gurɗe masa wuyan hannu. Maganin wannan shi ne a riƙe shi da hannu biyu, a kuma saita zoben nan mai lambobi da ke bayan bakinsa, wanda ke sakin juyi idan nauyi ya yi yawa. A nisantar da gyale da hannun babbar riga daga duk abin da ke juyawa, a kuma sa tabarau na kariya. Haka kuma kada robar da aka ɗab'a ta taɓa abinci, domin ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a tsakanin sahu-sahunta.

Raunin roba ma yana da amfaninsa. Idan abu ya cije ƙwarai, gara ramin robar ya zarme da a ce giyar injin huda ta kakkarye. Aikin da fiyus ke yi a wayar lantarki, shi mahaɗin ke yi a nan.

Kammalawa

Na'urar ɗab'i ba ta zo ta kori maƙeri ba. Ita tana fitar da siffa daidai da awo, shi kuma yana ba da ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, lissafi ne ke nuna wa kowa gurbinsa. Makarantar da ba ta da na'urar tana iya yin awo da zane da lissafi duka, ɗab'in kawai za a nema a birni. Ɗalibin da wannan fanni ya ba sha'awa kuwa bai yi nisa da inda ake koyar da shi ba, domin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda aka kafa a 2001, tana Wudil, maƙwabciyar Gaya.

Aikin Aji

1. A murɗa alli da hannu biyu har ya karye, sa'an nan a karya wani ta hanyar lanƙwasawa. A zana siffar karayar kowanne, a kwatanta.

2. Bakanike ya tura sifana mai tsawon santimita 30 da ƙarfin niyuton 100. Nawa ne ƙarfin murɗar?

3. Sanda mai kaurin milimita 10 ta karye a niyuton-mita 4. A nawa ake sa ran mai kaurin milimita 30 za ta karye, idan robarsu iri ɗaya ce?

4. Me ya sa PLA ba ta dace da mahaɗin da za a yi aiki da shi a filin kasuwa da bazara ba?