Yadda Ake Sanin Ranar Ista Tun Kafin Ta Zo

Kirsimeti ba ya barin 25 ga Disamba, amma Ista takan sauya rana kowace shekara, har iyalai da yawa sukan jira sanarwa daga bagade kafin su soma shiri. Duk da haka, ranar tana da ƙa'ida wadda ko yaro zai iya koya.

Tushen ƙa'idar yana cikin Idin Ƙetarewa, wanda Yahudawa suke yi ran 14 ga watan Nisan, lokacin cikar wata. A kwanakin idin nan ne aka gicciye Yesu, ya kuma tashi ran Lahadi. Ikilisiyoyin farko sun yi saɓani a kan ranar bikin, sai Majalisar Nikiya ta shekara ta 325 ta ƙudurta cewa a riƙa yinsa a rana guda. Lissafin da aka bi daga baya shi ne: a jira 21 ga Maris, lokacin da tsawon dare da na rana suke daidaita, a nemi cikar wata ta farko daga wannan rana, Lahadin da ta biyo baya ita ce Ista. Shi ya sa ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu.

Ikilisiya ba ta dogara ga ganin ido ba. Masana sun lura cewa bayan shekara 19 kamannin wata yakan komo kusan kan ranakun da ya bari, a kan haka aka tsara jadawali. Wani lokaci jadawalin yakan bambanta da sararin sama da kwana ɗaya ko biyu.

A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara kalanda, amma yawancin ikilisiyoyin Otodoks, har da na Masar da Habasha, sun riƙe tsohon lissafi. Saboda haka ranakun sukan bambanta, ko da yake a 2025 kowa ya yi bikin ran 20 ga Afrilu.

Aiki domin iyali: a 2027 wata zai cika ran Litinin, 22 ga Maris. Yara su nemo ranar Ista, sa'an nan su ƙirga mako bakwai gaba domin su sami ranar Fentikos.