KAFIN A AZA HARSASHI, A TAMBAYI MAI ƊAKI

Wannan darasi domin hakimai ne da magatakardansu, waɗanda ta hannunsu maganar gina makaranta, ko ɗakin shan magani, ko rumfunan kasuwa ta kan bi kafin ta isa ƙauye. Abin da a ke so a riƙe guda ɗaya ne: ginin da aka yi wa mutane ba da shawararsu ba, baƙo ne a garinsu. Ba mai yaɓe shi, ba mai duba indararonsa in damina ta kawo jiki. Ga labarin ƙauyuka biyu, ɗaya a ƙasar Masar, ɗaya a Burkina Faso. Dukansu da ƙasa aka yi ginin, kuma gwanaye ne suka zana, amma ƙarshensu bai zama ɗaya ba.

1. Ƙauyen Gurna

Gurna tana yamma da kogin Nilu, daura da birnin Luksor. Mutanenta, wajen 7,000, sun kafa gidajensu a kan tudun da kaburburan manyan Masar na zamanin Fir'auna su ke. Gwamnati ta ga kayan tarihi suna salwanta, sai ta yanke shawarar tashin garin. A cikin 1945 aka ɗora wa wani gwanin zanen gini, Hasan Fathi, aikin gina musu sabon gari.

Hasan Fathi ba mai raina talakawa ba ne. Ya zaɓi tubalin laka domin shi ne abin da matalauci ke iya samu. Ya kawo magina daga wajen Aswan, waɗanda su kan rufe ɗaki da tubali kaɗai, ba azara. Ya binciki yadda dangogin garin su ke zama, don ya zana wa kowane gida abin da ya dace da shi. Aka gina masallaci, da kasuwa, da waɗansu gidaje. Amma bayan 'yan shekaru aiki ya tsaya ba a gama ba, kuma yawancin mutanen suka ƙi tashi.

Mene ne dalili? An tambaye su irin ɗakin da su ke so, amma ba a tambaye su ko suna son ƙaura ba. Abincinsu yana haɗe da tsohon wurin, ga shi kuwa an riga an yanke magana a Alkahira. Hasan Fathi da kansa ya rubuta labarin wannan aiki cikin littafin da aka buga a 1969.

2. Ƙauyen Gando

Gando tana kusa da Tenkodogo. A nan aka haifi Francis Kere a 1965, ɗan sarkin ƙauyen ne. Yana da shekara 7 aka kai shi makaranta a birni, domin babu a garinsu. Ɗakin karatun na siminti ne, ba iska, ga cunkoso, ga zafi. Ya koyi kafinta, sa'an nan ya sami tafiya Jamus, inda daga baya ya karanta zanen gini a Balin. Tun yana ɗalibi ya kafa ƙungiya a 1998 don tara kuɗin gina wa garinsu makaranta.

Da ya koma gida ya ce da ƙasa za a yi ginin, mutane ba su ji daɗi ba. A ganinsu ginin ƙasa ba ya jure ruwa, siminti shi ne ci gaba. Bai ce musu sun yi jahilci ba, domin maganarsu tana da tushe: kowa ya san yadda damina ke cin katanga. Sai ya yi ta zama da su, yana bayani, yana gwadawa a gaban idonsu. Aka garwaya laka da ɗan siminti kaɗan, aka matse ta zama tubali mai ƙarfi. Aka yi rufin tubali a kan ɗakuna, sa'an nan aka ɗaga kwano sama da shi bisa ƙarafa, aka bar fili a tsakani. Watau iska mai zafi ta tashi ta fita, mai sanyi ta shigo ta tagogi. Kwanon kuma ya zarce bango sosai, ruwan sama ba ya dukan ginin. Kun ga ke nan tsoron da mutane suka faɗa shi aka magance cikin fasalin.

Aiki kuwa na gayya ne. Yara suka tattaro duwatsun harsashi, mata suka kawo ruwan tubali, maza suka yi gini. Ƙarafan rufi ma a wurin aka haɗa su da zarto da ɗan injin walda. A 2001 aka gama ɗakuna 3, aka fara da yara 120. Daga baya aka ƙara gidajen malamai da waɗansu ɗakunan karatu, samarin da suka koyi aikin kuma suka sami sana'a. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, kuma a 2022 aka ba Kere kyautar Pritzker, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

3. Inda bambancin ya ke

A Gurna umurni ne ya zo daga sama, shawara ta biyo baya. A Gando bukata ta mutanen gari ce tun farko, gardama kan yadda za a yi ne kawai. Har wa yau Kere ɗan gari ne, yana jin harshensu, sun san ubansa. Mai zanen da za a aiko muku, mai yiwuwa baƙo ne. To, gurbin da ɗan gari ya cika a Gando, hakimi ne zai cika shi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, amma sai an kai gwani wurin mai ɗakin.

4. Abin da ya kamata a yi

Na farko, a tara jama'a kafin a zana kome. Tambayar farko ita ce ko wannan gini shi ne su ke bukata, kuma a ina.

Na biyu, kada a tsaya ga dagaci da masu unguwa kaɗai. A ji ta bakin maginan gari, da malamin da zai zauna ɗakin, da mata ta hannun dattijansu, domin su suka san nisan rijiya da hanyar da yara ke bi.

Na uku, takardar zane ba kowa ke gane ta ba. A shata girman ɗaki a ƙasa da toka, mutane su shiga su tsaya a ciki. In an kawo sabuwar dabara, a gina ɗan guntun bango, a bar shi ya sha ruwa, kowa ya gani.

Na huɗu, magatakarda ya rubuta maganar wanda ya ƙi kamar yadda zai rubuta ta wanda ya yarda. Shirun talaka a gaban hakimi ladabi ne, ba lalle yarda ba ce.

Na biyar, gayya ba tilas ba ce. A sa aikin bayan kaka, kada a raba manomi da gonarsa. A bayyana tun wuri wanda zai kawo ƙasa, da ruwa, da kuɗi, da wanda gyaran kowace shekara zai rataya a wuyansa.

Gaskiya ne wannan hanya tana cin lokaci, wani zubin ma jama'a su ƙi abin da aka kawo musu. Amma gara a ji "a'a" a ƙofar fada tun ba a kashe ko kwabo ba, da a ji ta bayan gini ya tsaya ba kowa a ciki.

5. Aikin gwaji

Kowane magatakarda ya zaɓi gini ɗaya na jama'a a cikin gundumarsa. Ya rubuta wanda ya nemi a yi shi, da waɗanda aka shawarta, da wanda ya gyara shi bara. Sa'an nan ya karanta wa hakimi abin da ya samu, su duba tare ko ginin ya fi kama da na Gurna ko da na Gando.