Duban Rufin Gida Kafin A Shiga

Yawancinmu, ya 'yan'uwa, in mun je duban gidan da za mu saya ko mu kama haya, idonmu ya kan tsaya ga fenti da ƙofofi da faɗin tsakar gida. Amma daga sama gida ya ke fara lalacewa, can inda ido ba ya kai. Wanda ya biya kuɗi bai ga rufi ba, ya yi cinikin biri a sama ke nan.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, in aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, lita 1,000 ke sauka a kansa, watau duro 5 cike. Dole ruwan nan ya sami hanyar fita. In bai samu ba, cikin bango zai bi, ko kuwa kan 'ya'yanmu suna barci.

1. Rufin soro

Sai mu sa tsani mu hau. Mu duba ko akwai wurin da ya lotsa, gama nan ruwa ya ke kwana. Ciyawar da ta tsiro a kan soro shaida ce an daɗe ba a yi yaɓe ba, saiwarta kuwa tana buɗe wa ruwa hanya. Mu duba tsaga a gindin rawani, mu zuba bokitin ruwa mu gani ko indararo yana zubarwa nesa da bango. Sa'an nan mu sauko ciki mu dubi azara. Azarar giginya mai kyau ba ta cika jin tsoron gara ba, amma bakinta da ke binne cikin bango ya kan ruɓe in laima ta daɗe a wurin. Azarar da ta lanƙwasa a tsakiya tana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinta. Irin wannan soro shi ke ruftawa a watan Agusta, lokacin da ƙasa ta sha ruwa ta ƙara nauyi.

2. Rufin kwano

Tun daga nesa mu dubi ƙoƙuwar rufin, ko ta miƙe sosai ko ta yi doro. Tsatsa ta kan fara ne a inda kwano ya hau kan ɗan'uwansa, da kuma bakin ƙusa. A kan tudun kwano a ke buga ƙusa, ba cikin kwarin da ruwa ya ke bi ba. Kada mu hau kan tsohon kwano. Daga kan tsani za mu ga abin da mu ke so.

3. Tsakanin silin da kwano

Nan ne gida ya ke ɓoye asirinsa. Mu shiga da rana, da tocila, wani kuma ya riƙe mana tsani. Kan katako kaɗai a ke taka ƙafa, gama silin ba ya ɗaukar mutum. Mu kashe tocila tukuna: duk inda hasken rana ya ɓullo ta kwano, nan ruwa ya ke bi. Sa'an nan mu kunna, mu nemi baƙin tabo a jikin katako, da hanyar ƙasa wadda gara ta ke ginawa. Mu ƙwanƙwasa katako da guduma. Wanda ya yi amo kamar ganga, an cinye cikinsa. Mu tabbata an ɗaure katakon da ke kwance a kan bango da ƙarfe ko waya mai kauri, domin iskar farkon damina ba ta ɗage rufin da aka ɗaure. Mu lura da wayar lantarki da ɓera ya gaigaye, gama gobara ta kan tashi daga nan. Mu rufe hanci saboda kashin jemage. In silin na asbestos ne, kada mu fasa shi ko mu kankare, ƙurarsa tana kawo mugun ciwon huhu.

4. Bayan an sauko

Mu rubuta abin da muka gani, mu kira magini ko kafinta wanda ba na mai gidan ba ya faɗi kuɗin gyara. Sai a rage shi daga kuɗin gida, ko a gyara kafin mu shiga. Sabon fenti a kusurwa ɗaya ta silin, sai mu tambayi dalilinsa. Maƙwabta kuma sun san yadda gidan ya kwana a daminar bara. Mai gidan da ya hana mu hawa, ya riga ya ba mu amsa.

Tambayoyi

1. Don me bakin azara ya ke riga tsakiyarta ruɓewa?
2. Me ya sa a ke kashe tocila da farko a cikin silin?
3. Yaushe rabonmu da hawa mu duba rufin da mu ke kwana a ƙarƙashinsa?