Yadda Mu Ke Sa Wa Kwamfuta Murya

Sautin kwamfuta ba shi da ƙarfin motsa lasifika. Don haka mu kan sa masa amfilifaya, watau na'urar ƙara sauti.

Da fari mu zare waya daga soket. Mu cire murfin akwatin, mu kai shi waje, mu huda masa kafofi. In garin ƙarfe ya zuba ciki, kwamfuta ta lalace. Sa'an nan mu ɗaure lasifika bayan kafofin.

Mu nemi amfilifaya mai bolt 12. Wayoyi biyu za su ba ta wuta, rawaya da baƙa. Kada mu juya su, sai ta ƙone.

Ƙaramin akwatin wuta na ciki kuwa, kada mu buɗe shi. Ko an kashe, yana riƙe da wuta mai iya kisa.